Datsun 240Z ko Marsandi SL: Tsatsar Wacce Za Ka Iya Ɗauka?

Duk wanda ya ƙudurta sayen tsohuwar motar gudu mai kujera biyu, irin waɗanda aka ƙera a shekarun 1970 da 1980, ya daina tambayar dillali ko tana da tsatsa. Tana da ita. Ƙarfen da ya shekara 40 ko 50 yana shan ruwan sama da raɓa da laka ba ya fita lafiya lau. Abin tambaya shi ne inda tsatsar ta kama, da abin da za a kwance kafin hannun mai walda ya isa wurin. A kan wannan ne zan auna motoci biyu da masu sha'awar tsofaffin motoci kan rasa wadda za su ɗauka a cikinsu: Datsun 240Z ta Japan, da Mercedes-Benz SL samfurin R107 ta Jamus, wadda za mu ci gaba da kira Marsandi kamar yadda aka saba.

Datsun 240Z ta fito a ƙarshen 1969. A Japan sunanta Fairlady Z. Injinta silinda 6 ne a jere, lita 2.4, nauyinta kuwa kaɗan ya haura tan ɗaya. An yi ta har 1973, sannan 260Z da 280Z suka gaje ta da jiki kusan iri ɗaya har 1978, don haka abin da zan faɗa a kanta ya shafe su. Ita ce ta cinye gasar tseren motoci ta Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973. Marsandin kuwa ta daɗe a kasuwa, daga 1971 har 1989, an ƙera sama da 237,000, mafi yawansu aka kai Amurka. Akwai 280SL da 350SL da 450SL da 380SL da 500SL, har zuwa 560SL ta ƙarshe. Mota ce mai rufin cirewa, kuma mai nauyi, 450SL ta kai wajen tan 1.6. 'Yar'uwarta mai rufin dindindin, SLC, ta yi nasara a gasar Bandama ta Kodebuwa a 1979 da 1980. Dukansu dai sun taɓa ƙurar Afirka sun fita kunya.

Abu ɗaya ya haɗa su wanda shi ne tushen maganar nan gaba ɗaya: babu wadda aka ɗora jikinta a kan shasi daban, irin na a-kori-kura ko babbar mota. Jikin shi ne shasin. Daɓen da kake taka ƙafa a kai, da dokin ƙofa, da bangon da ya raba injin da cikin mota, duk an walde su wuri guda, su ke ɗauke da injin da shakazoba da kai kanka. A motar da ke da shasi daban, irin su Triumph TR6, ana iya ɗage jiki a gyara ƙashin a mayar. A nan babu wannan sauƙin. In dokin ƙofa ya ruɓe, ba ado ne ya lalace ba, ƙarfin motar ne ya tafi.

Tsatsa kuma hawa-hawa ce. Akwai ta saman ƙarfe, jaja-jaja, wadda in ka kankare za ka tarar da ƙarfe mai ƙwari a ƙarƙashi; wannan ba ta hana ciniki. Akwai wadda ta fara ɓarewa falle-falle, ta cinye rabin kaurin ƙarfen. Sai ta uku, wadda ta huda. Abin da ke yaudarar mai saye shi ne yawancin tsatsar mota daga ciki take farawa, kamar gara a cikin katako. Ruwa ya shiga cikin dokin ƙofa ko bayan fenda, hanyar fitarsa ta toshe, ya kwanta shekara da shekaru. Da yake tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta turo fenti ya yi ƙuraje. Ƙurjin nan da kake gani kamar ƙwayar wake, ba farkon ciwon ba ne. Ramin ya riga ya fasa daga baya, fenti ne kawai ke riƙe da sirrin. In dillali ya ce maka, "Haba Alhaji, ɗan tabo ne, fenti zai rufe," gaskiya ya faɗa, zai rufe ɗin. Damina ɗaya ko biyu ƙurjin ya dawo.

Bari mu fara da Datsun, domin ita ba ta iya ɓoye aibinta ba. Ƙarfenta sirara ne, a wurare da yawa bai kai milimita ɗaya ba, kuma kariyar da aka yi masa a kamfani ba ta taka kara ta karya ba. Buɗe bonet ka je kai tsaye wurin batir, can kusa da bangon injin. Ka sa a cire batirin, kar ka yarda da leƙe ta gefe. Ruwan batir yakan ɗiga a kan farantin da yake zaune, ya ci farantin, ya gangara jikin bangon, ya sauka kan sandar shasin da ke ƙasa. A motar da ta sha wannan, za ka haska tocila ka ga farantin ya zama kamar leshi, in ka sa yatsa ƙarfen ya marmashe, wani lokaci har ka hango kafet ɗin gefen fasinja ta ramin. Daga nan sai a hau da motar kan rami ko a ɗaga ta. Akwai sanduna biyu da suka miƙe a ƙarƙashin daɓe, ɗaya a kowane gefe. Su ne aka fi lotsawa, saboda shekara da shekaru yaran gareji suna kafa jak a kansu. Wurin da ya lotsa fentinsa ya tsage, ruwa ya sami ƙofa. Ka bi su da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa: ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara tas, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓarɓashi na zubowa. Ka tsaya sosai a inda sandar da ke riƙe ƙafar gaba ta kama jikin shasi. In nan ya ruɓe, taya na iya ja baya lokacin da ka danna birki da ƙarfi, kuma mota ce da ake sayenta don gudu.

Sauran wuraren nata sanannu ne: daɓe a ƙarƙashin kafet, ƙasan jiki gab da tayar baya inda dokin ƙofa ya lanƙwasa ya hau, bakin fendar baya, ramin safaya, da kuma dandamalin da ƙofar baya, wato murfin but, ke sauka a kai. Wannan na ƙarshen mutane kan raina shi. Bai kamata ba, domin siffar bayan motar na jawo hayaƙin salansa ya dawo, kuma duk ramin da ya samu a nan ko a gefen fitilun baya, ta nan zai shigo wa direba.

Jerin yana da tsawo, amma lura da abu ɗaya: kusan duk wuraren nan ido na kaiwa gare su cikin awa ɗaya, da tocila da sukundireba. Motar ba ta da tarkace da yawa. Kafet ɗinta na ɗagawa cikin sauƙi, ƙarƙashinta a buɗe yake. In Datsun ta ruɓe, za ta gaya maka tun kafin ka biya.

Marsandi ba haka take ba. Ƙarfenta ya fi kauri, an shafe ƙarƙashinta da baƙin maganin kariya mai kauri, an rufe dokin ƙofa da ado, an shimfiɗa abin hana ƙara a ƙarƙashin kafet. Duk waɗannan sun taimaka mata a shekarun farko. Da suka tsufa sai suka zama maɓoyar ruwa. Maganin nan yakan tsage, ruwa ya shiga tsakaninsa da ƙarfe, ƙarfen ya ƙare shi kuwa yana nan tsaye da siffarsa. Mutum zai leƙa ƙarƙashi ya ga baƙi sumul ya ce alhamdulillahi, ashe in ya danna da babban yatsa zai ji ya lotsa.

Babban ciwonta kuwa yana wurin da yawancin masu saye ba su taɓa dubawa ba. In ka buɗe bonet, can baya gab da gilashin gaba, a tsakiya, akwai murfin roba mai tauri da aka ɗaure da 'yan sukurori. Ƙarƙashinsa fankar da ke hura iska cikin mota take zaune, a cikin wani akwatin ƙarfe da ke haɗe da bangon injin. Ruwan da ya gangaro daga gilashi yana shiga ta nan, ya fita ta wasu ƙananan magudanai. Ganye da ƙura su toshe magudanan, akwatin ya zama kududdufi. Murfin ma kansa yakan tsage da tsufa ya ƙara shigo da ruwa. Ka nemi izini a kwance shi, aikin minti kaɗan ne. Abin da kake fatan gani shi ne fentin kamfani, ko da ya yi datti. Abin da ake yawan gani kuwa shi ne busasshen ganye da ya zama taki, kusurwoyi sun yi ja, ɗinkin ƙarfen ya kumbura ya buɗe baki. Sannan ka zagaya ciki, ka ɗaga kafet ɗin gaban direba da na fasinja har da soson da ke ƙarƙashinsa, ka matsa da hannu. In ruwa ya fito, ko warin rima ya buge ka, to bangon ya huda. Wasu kan zuba ruwa bokiti ɗaya a kan gilashi su jira su gani: ya kamata ya zubo ƙasa ta ƙarƙashin mota, ba kan ƙafar direba ba.

Me ya sa na tsaya a nan haka? Saboda ƙarfen da za a sauya bai fi 'yan tafin hannu ba, amma kafin a kai gare shi sai an fitar da dashbod gaba ɗaya, da wayoyin da ke bayansa, da na'urar iska, wani lokaci har da wasu kayan ɗakin injin. Kuɗin ba na ƙarfe ba ne, na kwancewa da mayarwa ne. Kuma dashbod ɗin da ya shekara 40 a rana, robobinsa sun bushe, da wuya ya fita ya koma bai karye ba. Mai motar da ya hana ka buɗe murfin nan ya riga ya ba ka amsa.

Bayan wannan, sai saman fendar gaba daidai kan fitilu, inda laka ke taruwa. Ramukan kafa jak da ke jikin dokin ƙofa, waɗanda ake toshewa da roba. Ƙasan but ta gefe da gefe. Da akwatin da rufin yadi ke naɗewa a ciki. Akwai kuma gwaji ɗaya da ya fi dacewa da ita fiye da Datsun. Marsandi buɗaɗɗiyar mota ce, rufin ƙarfenta cirewa ake yi, don haka dokin ƙofa da daɓe ne kaɗai ke hana ta lanƙwasa a tsakiya. A cire rufin, ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki, sannan a ɗaga kusurwa ɗaya da jak ka sake dubawa. Buɗe ƙofar ka rufe. In ta fara cijewa, ko tazarar ta sauya a bayyane, gadon bayan motar ya yi rauni. Waɗanda aka ƙera daga 1986 zuwa 1989 sun sami ingantacciyar kariya daga tsatsa, amma kar wannan ya sa ka bar murfin fanka a rufe. Su ma suna ruɓewa a nan.

To wacce ta fi? In a kan yawan tsatsa ne, Datsun ta fi muni nesa ba kusa ba. In ka jera su biyu da suka zauna gari ɗaya, shekaru ɗaya, Datsun ce za ta fi ramuka. In a kan gano ta ne kafin a biya kuɗi, Datsun ta fi sauƙi. In kuma a kan gyara ne, nan ma ina ganin Datsun ta ɗara: daɓenta da sandunan ƙarƙashinta kusan miƙaƙƙu ne, akwai kamfanoni a waje da ke buga sababbinsu daidai siffar na asali, kuma motar ba ta da wayoyi da na'urori masu yawa da za su tare hanya. Na Marsandi ma ana samun ƙarafan sauyi, sai dai hanyar isa wurin ce ke cin dukiya. Sannan akwai maganar daraja. Da yake R107 na da yawa a kasuwa, wadda ba ta da wani abu na musamman, misali 380SL ta Amurka, gyaran bangonta da fenti na iya lashe abin da ya kusa kuɗin motar. Ita kuwa 240Z, musamman ta farko-farko mai tagogin iska a jikin ƙofar baya, tsatsa ta riga ta cinye da yawa daga cikinsu, farashin masu lafiya ya hau, don haka gyara mai kyau ba ya zama asara kamar haka.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ne zama a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya shigo cikin lissafi. Fanel bitocinmu gwanaye ne wajen fitar da lotsa da daidaita fenda, amma da yawansu waldar gas ta kabaid suke yi. Zafinta yana bazuwa, ya murɗe sirarin ƙarfe irin na Datsun, sai a bi da fila mai kauri a rufe. Ƙarfen da ke ɗaukar nauyi yana son waldar lantarki mai waya, a yanke ruɓaɓɓen gaba ɗaya a haɗa baki da baki, ba a ɗora faci a kan tsatsa ba. Kafin ka sayi Datsun mai ramuka, ka fara nemo wanda zai yi aikin, ka je ka ga wanda ya taɓa yi da idonka. In ba ka same shi ba, sauƙin gyaran da na ambata bai shafe ka ba, Marsandi mai busasshen bango ta fi maka.

Inda mota ta yi rayuwarta ya kusa fin sunanta muhimmanci. A jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara, irin su Michigan da Ohio da New York, ana watsa gishiri a titi duk lokacin sanyi, haka ma a Jamus da maƙwabtanta. Gishiri yana hanzarta tsatsa ƙwarai. Motar Arizona ko Nevada kuwa takan zo da kujeru a yage, dashbod a tsage, fenti ya koɗe, amma ƙarfe garau. Haka abin yake a gida: wadda ta zauna Legas ko Fatakwal ko Kwatano ta sha iskar teku da ambaliya, wadda ta tsufa a garejin wani attajiri a Arewa ta fi samun sauƙi. Amma kar a ce Arewa ba ta da tata illar. Ƙurar hunturu tana cika magudanai, rana ta ƙona robobin gilashi, ruwan Agusta ya zo ya tarar da hanya a buɗe. Motar da aka ajiye ƙarƙashin dalbejiya shekara goma, akwatin fankarta ba zai bambanta da na wadda ta fito Hambag ta Jamus ba. Game da tarihi kuma, kamfanonin da ke tattara tarihin motoci, irin su Carfax na Amurka, suna aiki ne da lambar shasi mai harufa 17, wadda aka fara a 1981. Ke nan za ka iya bin sawun 380SL ko 560SL ka ga jihohin da ta zauna, amma 240Z da 450SL babu su a ciki, sai abin da tsofaffin takardu da ƙarfen kansa suka nuna.

Ko wacce ka zaɓa, a ɗaya daga hali uku za ka same ta. Akwai mai sabon fenti tana walƙiya. Akwai wadda ba a taɓa ta ba, tsatsarta a fili. Akwai kuma busasshiya mai lafiyayyen jiki wadda injinta ya mutu ko yake hayaƙi. Ido zai ja ka wurin ta farko, kuma ita ce ta fi hatsari, kyan ɗan maciji. Ba cewa nake duk mai sabon fenti maƙaryaci ne ba. Wanda ya yi aikin gaskiya yakan ajiye hotunan motar tun tana tsirara ba fenti, ana yanka ana walda, kuma da murnarsa zai nuna maka. In babu hotuna, sai ka ɗauko maganaɗisu mara ƙarfi, irin na manna wa firji, ka naɗe shi da ƙyalle don kar ya karce fenti, ka bi ƙasan ƙofofi da bakin fenda da dokin ƙofa. Inda ya kama, ƙarfe ne kusa. Inda ya zame ya faɗi, fila ce. Mai ƙarfi sosai ba ya amfani, domin yakan kama ko ta bayan fila. Ka tuna dai wasu Marsandin na baya-baya bonet ɗinsu na alminiyom ne, maganaɗisu ba zai kama ba, kar ka zargi bawan Allah a banza. Na'urar auna kaurin fenti ta fi wannan daidai: fentin kamfani galibi yana tsakanin maikuron 100 zuwa 200 (maikuron 1,000 ne milimita ɗaya), in ka ga ta haura 1,000 a wuri ɗaya, ba fenti kaɗai ke nan ba. Sabon baƙin magani da aka fesa a ƙarƙashin mota gab da sayarwa, har ya taɓa salansa da wayoyin birki, shi ma abin tuhuma ne.

Ta biyu, mai tsatsa a fili, tana da kyau ɗaya: ka san abin da ka saya, kuma kana da bakin neman ragi. Ka dai ɗauka cewa abin da ke ɓoye ya fi wanda ka gani, ka yi lissafinka a haka. Ta uku ita ce zaɓina a kowace daga cikin motocin biyu. Injin Datsun mai sauƙi ne, kafireta biyu, duk tsohon bakaniken da ya yi zamani da motocin Datsun da Nissan zai gane kansa. Na Marsandi ya fi rikitarwa da tsada, kuma 380SL ta Amurka ta 1981 zuwa 1983 tana da sarƙar taimin mai layi ɗaya da ake son a mayar mai biyu, amma duk wannan aiki ne na kwance ƙusa a ɗaura ƙusa, ana iya faɗa maka kuɗinsa tun kafin a fara. Aikin tsatsa ba a sanin kuɗinsa sai an yanka an gani.

In aka ajiye mini Datsun mai ruɓaɓɓen daɓe amma sandunanta da wurin batir lafiya, da Marsandi mai sheƙi wadda kafet ɗinta ke da danshi, Datsun zan ɗauka. In Marsandin ce bangonta a bushe, ƙofofinta ba sa cijewa a kan jak, ita kuwa Datsun tsatsa ta kai inda ƙafar gaba ta kama, to Marsandi, ko da fentinta ya koɗe kuma kujerunta na neman ɗinki. Wanda kuma yake son motar da zai hau yau ya je ɗaurin aure, ba wadda za ta shekara a gareji ba, Marsandi ta 1986 zuwa sama mai tarihi a rubuce ta fi dacewa da shi.

Ga mai niyyar yo oda daga waje, abu biyu. Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, don haka motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama ba taka ba ce, komai kyan jikinta. Sannan akwai dokar taƙaita shekarun motocin da ake shigowa da su, waɗannan kuwa sun haura ta nesa. Ka tambayi kwastan ko amintaccen ejan matsayin irinsu kafin ka tura ko sisi. Kuma kar ka saya da hotunan da mai sayarwa ya zaɓo. Ka biya wani mai duba mota a can wanda ba shi da alaƙa da shi, ka rubuta masa wuraren da kake son gani ɗaya bayan ɗaya: a Datsun, ƙarƙashin batir bayan an cire shi da sandunan ƙasa daga gaba har baya, a Marsandi, cikin akwatin fanka da murfin a kwance, da daɓen gaba bayan an ɗaga kafet.